Ajin rubutun da ya sa na ba Bagwariya baki

Ni tela ce. Shekara goma sha tara ke nan ina kan keke a Unguwar Dosa a Kaduna, kuma in ban da awon kafaɗa da ƙugu da nake rubutawa a bayan littafin rasit, ban taɓa ɗaukar kaina mai rubutu ba. Karatu kam ina yi, har ya zame mini ciwo. Da muna 'yan mata littattafan Kano muke haya, yanzu kuma na waya ne, waɗanda ake sakowa kashi-kashi a WhatsApp, ki kwana kina jiran marubuciya ta ga dama. Babbar 'yata ce ta ga tallar ajin a Facebook ta turo mini, ta rubuta a ƙasa: "Umma, tunda kullum da baki kike gyara wa marubuta ƙarshen labari, ga inda za ki gyara da biro." Rashin kunyar yaran yanzu ke nan. Amma na biya.

A saman wani shagon littattafai ake yin ajin, wajen Unguwar Rimi. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, mai shagon kuwa bai yi mini komai ba sai mutunci. Asabar shida ce, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya, naira dubu 15, a ciki har da takardun da ake rabawa da shayi da cincin. Abin da ake koyarwa ɗaya ne: a ɗauko tsohon labari, irin wanda kowa ya sani tun yana goye, a sake ba da shi daga bakin wani da ke cikinsa amma ba a taɓa barinsa ya yi magana ba.

Matattakalar benen ta ƙarfe ce, siririya, a miƙe kamar tsani. Duk mai ciwon gwiwa ya san da wannan kafin ya biya kuɗinsa. Ɗakin kansa ba laifi, kujerun roba goma sha huɗu, mu goma sha ɗaya, fanka ɗaya a sama, farin allo a jikin bango. Tagar ce matsala, tana kallon rumfar wani mai walda, da an ɗauke wuta ya tayar da janareta sai kowa ya koma ɗaga murya kamar a tashar Kawo. Shagon da ke ƙasa yawancinsa littattafan makaranta ne da na addini. Na labari kanta ɗaya ce, na Hausa a cikinsu ba su cika rabi ba, kuma sai da na kaɗe ƙura kafin in ga sunayensu.

Asabar ta farko saura ƙiris in nemi a maido mini da kuɗina. Malamar yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, adabin Turanci ta karanta. Ta yi sallama, ta ce mu faɗi sunayenmu, daga nan sai ta kwashe mu sai ƙasar Girka, ba ta dawo da mu ba sai da aka kira azahar. Rabin maganar da Turanci. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kowa Baba yake ce masa. Da abin ya ishe shi ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, a gafarce ni, Girkanci muka zo koya ko rubutu?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ce, "Baba, a ƙara mini haƙuri kaɗan." Ba ta dai rage ba.

Duk da haka abu ɗaya ya kama ni a ranar. Ta ba mu labarin Odisiyos, wanda ya yi shekara goma a yaƙi, ya ƙara goma a hanyar komawa gida, matarsa Fenelofi tana zaune, manema sama da ɗari sun cika mata gida suna cin dukiyar mijin. Ta ce musu ba za ta zaɓi kowa ba sai ta gama saƙa likkafanin surukinta. Da rana ta saƙa, da dare ta warware, har shekara uku. Malama tana ta yabon dabarar matar, ni kuwa hankalina yana kan zaren. Na ce, "Malama, wanda ya tsara labarin nan bai taɓa farke ɗinki ba. Zaren da aka warware sau uku ma ya gama aiki, ya yi gashi, ya tsinke. Shekara uku? Sai dai in akwai masu kaɗa mata sabo a ɓoye." Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Anti, rubuta wannan yanzu, kafin ya gudu." Sannan ta gaya mana cewa a ƙarshen labarin, da maigidan ya dawo ya karkashe maneman, ɗansa ya rataye kuyangin gidan goma sha biyu a igiya guda, aka wuce wurin da 'yan layuka kaɗan. Ta ce wata marubuciya 'yar Kanada, Margaret Atwood, ta fitar da littafi a 2005 inda ta ba Fenelofi baki, ta kuma bar kuyangin nan suna katse ta suna faɗin nasu. A Keke Napep ina komawa gida ban daina tunanin masu kaɗa zaren ba. Ashe na san wani abu da mai labarin bai damu ya sani ba, kuma a kan keke na koye shi.

Asabar ta biyu ta fi. Ta kawo wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda da yawanmu muka karanta a sakandare muka haddace don jarrabawa muka manta. Labarin Odifus ne na Girkawa, wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa ba da saninsa ba, Rotimi ya maido shi ƙasar Yarabawa, ya sa wa sarkin suna Odewale. An fara nuna shi a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka buga shi a 1971. Ni dai abin da na riƙe tun ina yarinya shi ne abin kunyar auren uwa. Malama ta nuna mana wurin da na tsallake: abin da ya sa Odewale ya kashe tsohon a gona shi ne tsohon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. Daga baya ta bayyana cewa ƙabilar da ya yi kisa dominta ba ita ta haife shi ba, wanda ya kashe shi ne jininsa.

Ɗakin ya yi tsit, har mai waldan kamar ya sani. Mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana fashin baƙin wannan ba. Tun rikicin shekarar 2000 kowa ya san gefen kogin da yake kwana. A ajin akwai biyu da suke hayo gada daga kudu, wani saurayi daga Barnawa da wata yarinya daga Sabon Tasha, duka Hausa a bakinsu kamar ruwa. A nan na yaba wa malamar. Ba ta mai da zancen wa'azin zaman lafiya ba, ba ta kuma yi kamar ba ta ga fuskokinmu ba. Cewa ta yi kowa ya rubuta layi biyar a kan ranar da aka fara yi masa dariya saboda yadda yake magana, kuma ba dole ne ya karanta ba. Ba wanda ya karanta. Amma ba wanda biro ɗinsa ya tsaya.

A ranar ne kuma wani matashi ustaz ya ta da maganar da na san tana cin wasu a rai, ya ce shi fa wannan zance na alloli da gumaka yana damunsa. Malama ta ce labari muke karantawa don mu ga yadda aka gina shi, ba aƙida muke ɗauka ba, kuma ko labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala malamai ne suka rubuta shi da Larabci a Tarihin Kano, ba su kuwa bar sallah ba. Ya gyaɗa kai, bai gamsu duka ba, amma ya dawo sati na gaba, kuma shi ya fi kowa zuwa da wuri.

Yanzu ga inda kuɗina ya fita. Asabar ta uku ta ce yau gida za mu zauna, ta rubuta Bayajidda a allo, ta ce mu ba da labarin da kanmu, kowa ya ɗora daga inda na kusa da shi ya tsaya. Haka muka jero shi kamar 'yan firamare. Ya taso daga Bagadaza, ya sauka Barno ya auri 'yar sarki, zama ya ƙi, ya gudo da ita, ya bar ta a Garun Gabas da ciki, ta haifi Biram. Ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce ai ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke ciki. Ya je ya jefa guga, macijin ya riƙe, ya jawo shi ya sare kan. Gari ya waye, Daurama ta ce a nemo wanda ya yi, aka yi aure. Ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in an haɗa da Biram Hausa Bakwai ke nan. Muka tsaya muna jin daɗin kanmu.

Malama ta ce, "Kun tsallake mutum ɗaya." Baba ne ya ce, "Bagwariya." Kuyangar da Daurama ta ba Bayajidda kafin ita ta yarda da shi, wadda ta riga ta haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Shi ya sa da Daurama ta haihu ta ce Bawo, wato a maido mata garinta. Daga Karɓagari aka ce Banza Bakwai suka fito, su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Kwararrafa da Yarabawa da Gwari.

Ban ce komai ba, amma kunnena ya ɗauki zafi. Kakata ta wajen uwa Bagwariya ce, daga wani ƙauye a ƙasar Chikun. Su Gbagyi suke kiran kansu, Gwari mu muka sa musu. Kakana ya aure ta tana yarinya ya kawo ta Tudun Wada, ta musulunta, aka canza mata suna, ta rayu ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba. Mu jikoki mukan kwaikwayi maganarta a gabanta tana dariya. A makaranta in faɗa ya haɗa ni da wata, abin da ake jifana da shi ke nan, jikar Gwari, ni kuwa in rantse in ce ƙarya ne, mu Zage-zagi ne gaba da baya. Ku duba ma bakinmu. In yaro bai iya magana ba mu ce gwaranci yake yi. In muna so a sauƙaƙa mana bayani kamar ga marar fahimta mu ce a yi mana gwari-gwari. Tumatir da attaruhu da ke ruɓewa kwana biyu, kayan gwari. Kullum ina faɗin waɗannan, ban taɓa jin su ba sai ranar. Alhali garin nan da muke tinƙaho da shi, kafin Gwamna Lugga ya maido hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Gbagyi na cikin waɗanda aka tarar suna noma a bakin kogin. Matar da ke bayan takardar naira ashirin tana gina tukunya, Ladi Kwali, tasu ce. Sau nawa na ba da canji da ita?

A nan ne kuma raunin malamar ya fito, kuma shi ne babban ƙorafina da ajin. Labarin Girkawa ta san shi ciki da bai, ta san wa ya faɗi me a wace shekara. Namu kuwa iyakarta abin da ke littafin firamare. Da ustaz ya tambaye ta ko da gaske an yi Bayajidda sai ta fara kame-kame. Baba ne ya cece ta. Ashe tun da ya yi ritaya ɗakin karatu na Gidan Arewa ya mayar ofis. Ya ce masana tarihi sun daɗe suna tuhumar labarin, Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewan, ya yi rubutu a 1970 yana cewa ba baƙo ɗaya ne ya zo dare ɗaya ya kafa sarautun Hausa ba, daga ƙauyuka da garuruwa suka tsiro a hankali. Ya ƙara da wadda ta sa na ajiye kofin shayina: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta wajen 1812, ya kawo ruwayar cewa shi kansa Bawo bawan Sarkin Barno ne. To ashe wanda aka ce ɗan halas, a bakin wasu shi ma bawa ne. Ya danganta da wanda ke riƙe da alƙalami da kuma wanda yake jin haushi. Mai karɓar dubu 15 don ta koya wa Hausawa sake rubuta labarinsu ya kamata a ce ita ta zo da wannan, ba ɗalibi ba. Ta dai yi abin kirki, ta miƙa wa Baba alƙalamin allo ta koma kujera ta zauna tana rubutawa.

Aikin gida: kowa ya zaɓi bakin da zai ara. Ban yi shawara da kowa ba.

Na farko da na rubuta shafi huɗu ne, na kai shi ina taƙama. Bagwariyata marainiya ce, kyakkyawa, mai haƙuri, Daurama tana gallaza mata, tana kuka a bayan ɗaki, tana kuka a bakin rijiya, tana kuka a kan tabarma. Wato dai na ɗebo duk littattafan kishiya da na karanta na juye. Malama ta dawo mini da shi ja-wur da jan biro. A gefen shafi na biyu ta rubuta: "Anti, wannan ba mace ba ce, hawaye ne aka ɗaura wa zani." Na ji haushi sosai, na ce a raina yarinyar da na girme wa da shekara goma sha biyar. Bayan an tashi ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Anti, ki yi haƙuri da biro na. Tambaya ɗaya zan yi miki. Kuyanga, a cikin fada, a gaban sarauniya, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Mai kuka a bayan ɗaki ce za ta yi haka?" Na yi shiru. Ta ce, "Sannan mene ne sunanta? Bagwariya ai ba suna ba ne. Odisiyos dare ɗaya ya ce wa dodo sunansa Ba-kowa don ya tsira, da gari ya waye ya kwala sunansa na gaskiya. Ita fa?"

Wannan zaman na minti goma shi ne ajin. Ba ta gyara mini jimla ko ɗaya ba, tambaya kawai ta yi, kuma haka take yi wa kowa. In kina neman wadda za ta koya miki inda ake sa waƙafi da aya, ba nan ba ne.

Tambayar ta bi ni gida, saboda na lura ban san sunan kakata na yanka ba, wanda uwarta ta sa mata. Na Hausar kawai na sani. Ranar Laraba na rufe shago na shiga mota zuwa wajen Kujama gun wani kawuna, ƙanen mahaifiyata da ya koma can cikin dangin uwarsu yana noman doya. Rabona da shi tun rasuwar Umma. Ya ce, "'Yar nan, lafiya? Ko ɗinki ya ƙare a Kaduna?" Na ce, "Kawu, sunan Kaka na zo tambaya." Ya daɗe yana kallona kafin ya faɗa. Gaɓa uku ne. Na maimaita, ya ce ba haka ba, muryar sama take tafiya a ƙarshe. Sau biyar ina yi yana gyarawa.

Muna zaune wasu mata suka wuce da itace, ba a ka ba, a kafaɗa, cikin ƙwarya, yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Kawu ya ce su a wurinsu kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya. Nan take na tuna rigar farko da na taɓa ɗinka wa mutum, ina koyo, ta Kaka ce, atamfa shuɗiya. Na auna, na yanka, na ɗinka, ta sa, wuyan ya karkace. Na farke na sake, ya kuma karkacewa. Mai koya mini ta zo ta ɗora tef ta ce ba laifin ɗinkin ba ne, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka da kusan inci guda, kuma akwai kanta a wurin, tauri kamar tafin ƙafa. Na tuna har dariya na yi. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa tambayar dalili ba.

Da na dawo na yaga shafi huɗun nan. Sabuwar Bagwariyata ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba. Ta fara ne da safiyar da aka kashe macijin, matan fada sun fito da tuluna a ka, ita ta ɗora nata a kafaɗa suna nuna ta suna dariya. Ga yadda na buɗe: "Sun ce ban iya ɗaukar ruwa ba. Ban gaya musu kaina yana da aikin da ya fi tulu ba. Da shi nake ƙirga ƙofofin garin." Na sa mata sunan Kaka, sau ɗaya tak ya fito, a wurin da take raɗa wa jaririn a kunne kafin a zo a ji na fili.

Kafin in kai ga ranar ƙarshe bari in sauke sauran ƙorafin, don mai niyya ya sani. Asabar ta huɗu malama ba ta iso ba sai sha biyu saura, ba kuma a ƙara mana lokacin ba. Ta biyar aka soke ta da saƙon WhatsApp ƙarfe tara da rabi, ina cikin Keke mun wuce Unguwar Sarki, kuɗin motata ya tafi a banza ga ɗinkin biki na bari. Aka rama ranar Lahadi da safe, wato an manta ke nan da mutum biyu da ke zuwa coci, kuma ba su samu zuwa ba. Wannan ya ba ni haushi fiye da kuɗin motar, a ajin da ake koyar da kula da wanda aka tsallake. Takardun da ake rabawa fotokwafi ne da ya koɗe, sai da tabarau. Banɗaki ɗaya ne a ƙasa, sai kin je kin roƙi makulli gun yaron shago a gaban masu sayayya. An kuma yi mana alkawarin za a tattara labaranmu a buga ɗan littafi, yau wata biyu ke nan, in an tambaya a ce ana kan aiki. Shayin dai yana da kyau, da citta da kanumfari, matar mai shagon ke dafowa a fulas.

Ranar ƙarshe kowa ya karanta nasa. Baba ya ari bakin maƙerin Gaya, tsoho da baƙo ya zo wa da gaggawa ya tafi bai gama biyan kuɗin wuƙa ba, har yau yana jin ana kirarin wuƙar ba a ambatonsa. Muka yi dariya har da hawaye, duk mai sana'ar hannu ya san wannan ciwon. Ustaz ya ɗauki Ayana, ya yi shi da natsuwa, tsohuwar da ta ba baƙo guga don kawai ta gaji da gardama. Yarinyar Sabon Tasha ce ta fi mu duka, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Macijin ta ba baki. A nata, shi kaɗai ya san zurfin rijiyar, ya san in aka bar gari yana ɗiba kullum ba za ta kai bazara ba, shi ya sa ya tsayar da Juma'a. Ta ƙare daidai lokacin da ya ji guga ta faɗo a daren da ba na ɗiba ba.

Da na karanta nawa muryata ta yi rawa a wurin sunan, amma na faɗe shi yadda Kawu ya koya mini. Wata Hajiya, wadda tun farko ta gaya mana iyayenta mutanen Daura ne, ta gyara mayafi ta ce, "Hajiya, labari ya yi daɗi, amma kin mai da kuyanga mai ƙwacen gari, kin kuma rage wa uwarmu daraja." Na ce, "Hajiya, ni ban sa wa yaron suna ba, a labarinku na tarar da shi." Ta ce ai an san abin da ake nufi da banza. Na ce na sani, da shi aka raine ni. Malama ba ta raba mu ba, ta bar mu muka yi ta yi har shayi ya huce, daga ƙarshe ta ce wa Hajiyar ita ma Daurama ba a taɓa jin ta bakinta ba, sarauniyar da ta mulki gari ta wayi gari an mai da ita ladan kashe maciji, ko za ta gwada? Hajiyar ta ce za ta duba. Satin da ya wuce ta kawo mini ɗinkin leshi, ta zaro shafi biyu daga jaka ta ce in karanta kada in nuna wa kowa.

Na ji an ce zagaye na gaba dubu 20 ne. In malamar ta zauna da irin su Baba ta cike giɓin tarihinmu, ta kuma riƙe lokaci, ya ci kuɗinsa. In ba ta yi ba ma zan ce wa mai son rubutu ya je, amma ya tafi da ɗan matashin zama, kujerun nan awa uku ba wasa ba ne, ya kuma ɗaure wa Asabar ta farko.

Labarina yana cikin aljihun keke tare da allurai, ya kai shafi goma sha ɗaya, ban san inda zai tsaya ba. Daren jiya 'yata ta ɗauko tana karantawa ta ce, "Umma, wannan sunan fa, ya ake faɗinsa?" Na faɗa, ta maimaita, ya fito a karkace. Na kira Kawu na sa a lasifika na ce ta sake. Ta sake. Dariya ya yi har da tari, ya ce, "Bar ta, bar ta. Hausanci take yi."